BABI NA HUƊU: CIWON SO DA BAUTAR MAWAƘI A WAƘAR "STAN" TA EMINEM

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an duba yadda makaɗan baka na Hausa suke gina turken yabo, da irin dangantakar da ke tsakanin makaɗi da ubangidansa. A wannan babi kuwa za a juya akalar nazarin zuwa ga wata waƙa ta ƙetare, wadda ta kifar da waccan dangantaka, wato inda mai sauraro ne yake yabon mawaƙi, yake bin sa, yake roƙon sa, har ya kai ga halaka kansa dominsa. Waƙar ita ce "Stan" ta mawaƙin gambarar nan na Amurka, Marshall Mathers, wanda aka fi sani da Eminem. Ta fito ne a shekarar 2000 cikin faifansa mai suna The Marshall Mathers LP, kuma tsawonta ya kusa minti bakwai.

Mai yiwuwa a yi tambaya: me ya haɗa ɗalibin Hausa da waƙar wani farar fata da ya tashi a birnin Detroit? Dalili na farko shi ne a gwada ma'aunan nazarin waƙar baka irin waɗanda Gusau (1993) ya shimfiɗa, kamar turke da tubalan gininsa da ɗango da amshi, a ga ko za su iya ɗaukar kayan da ba na gida ba. Dalili na biyu, wanda ya fi jan hankalin mai wannan nazari, yana cikin kalmar "masoyi" ne. Da yake da Ingilishi aka rera waƙar, za a riƙa bayyana abin da kowane ɗango ya ƙunsa da Hausa.

4.1 Kalmomin Nazari

Bahaushe yana kiran saurayin da ke neman yarinya masoyinta. Haka kuma mawaƙin zamani idan ya hau dandamali, ko ana hira da shi a rediyo, sai a ji yana gaishe da masoyansa. Ke nan kalma ɗaya ce take ɗauke da kaya biyu. Ingilishi ya raba su, ya ba kowanne kalmarsa, amma Hausa ta bar su a haɗe. Tauraron wannan waƙa, wato Stan, mutum ne wanda ma'anonin nan biyu suka cakuɗe a zuciyarsa har shi kansa ya kasa tantance wanne yake yi. Saboda haka ana iya cewa Hausa ta fi saurin isa ga cibiyar waƙar a kan harshen da aka yi ta da shi.

Abin da ake nufi da ciwon so a nan shi ne son da ya fi ƙarfin mai shi, ya hana shi ci da barci, kuma ya sa ya daina ganin wanda yake so a matsayin mutum mai ikon cewa a'a. Labarin Majnunu da Laila, wanda almajiran ƙasar Hausa suka daɗe da sani ta hanyar adabin Larabci, shi ne misalin da ya fi kusa. An kauce wa kalmar "bege" da gangan, domin a adabin Hausa tana da matsayi na musamman a waƙoƙin madahu, bai kamata a jawo ta nan ba. Ita kuwa kalmar "bauta" an zaɓe ta ne saboda fuska biyu gare ta: akwai bautar da bawa ke yi wa ubangidansa, akwai kuma wadda ake yi wa abin da aka ɗaukaka fiye da kima. Duka biyun sun hau kan Stan. Tun a shekarar 1956 wasu masana biyu na Amurka, Horton da Wohl, suka yi bayanin yadda mai sauraron rediyo ko mai kallon talabijin yakan ji kamar ya san mai gabatar da shiri ciki da bai, alhali shi wancan bai ma san da zamansa a duniya ba. A wannan nazari za a kira wannan hali hulɗar ɓangare ɗaya.

4.2 Abin da Ya Gabaci Waƙar

Waƙar ba daga sama ta faɗo ba. Ranar 8 ga Disamba, 1980, Mark David Chapman ya harbe John Lennon a ƙofar gidan da yake zaune a New York, bayan kuwa 'yan sa'o'i kaɗan kafin nan Lennon ya sa masa hannu a kan faifansa. Ranar 31 ga Maris, 1995, aka kashe mawaƙiya Selena tana da shekara 23 a garin Corpus Christi na jihar Texas, kuma wadda ta harbe ta, Yolanda Saldívar, ita ce ta shugabanci ƙungiyar masoyanta kafin rigimar kuɗi ta shiga tsakaninsu. Mawaƙan can sun san cewa cikin masu tafa musu akwai wanda ya kamata su ji tsoro.

A fagen waƙa ma an riga an taɓa jigon. Michael Jackson a "Billie Jean", wadda ke cikin faifan Thriller na 1982, ya yi magana ne da bakin mashahurin da wata mace ta liƙe masa tana cewa shi ne uban ɗanta. Sting na ƙungiyar The Police kuwa a "Every Breath You Take" ta 1983 ya yi magana da bakin mai ciwon son ne, mutumin da ya sa wa matar da ta bar shi ido, ba ya ƙiftawa. Kiɗan mai sanyi ne, har jama'a suka ɗauke ta waƙar ƙauna suna sa ta a wurin biki, shi kuwa Sting ya sha faɗa a hirarraki cewa waƙar kishi ce da sa ido. Kowane ɗayansu gefe ɗaya ya tsaya. Abin da Eminem ya yi shi ne ya zuba gefen biyu cikin ƙwarya ɗaya.

4.3 Turke da Warwararsa

Babban turken waƙar shi ne ciwon so, an kuma gina shi da tubalan yabo da roƙo da habaici da zambo. Waƙar tana da ɗango huɗu. Uku na farko saƙonni ne daga Stan zuwa ga mawaƙin, na huɗun kuwa amsar mawaƙin ce. Eminem ne yake rera su duka, amma yana sauya murya daidai da halin da mai maganar yake ciki.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne wanda Stan yake rubuta wa wasiƙa. Mawaƙin nan suna uku gare shi: Marshall shi ne sunan yanka, Eminem sunan sana'a, Slim Shady kuwa wani tauraro ne da ya ƙirƙira, mara kunya, mara tausayi, wanda yake sa wa baki ya faɗi abin da mai hankali ba zai faɗa ba. To, Slim ɗin nan Stan yake kira. Misalinsa kamar mutum ne ya zauna ya rubuta wa Ibro wasiƙa yana neman shawarar rayuwa, yana zaton yadda marigayi Rabilu Musa yake a fim haka yake a gidansa. Tun daga gaisuwar wasiƙar an riga an nuna cewa amsa ba za ta zo daga inda ake jiran ta ba, domin babu kowa a wurin.

A ɗango na farko yabo ne ya fi yawa. Stan yana da ladabi da fara'a. Ya riga ya aika wasiƙu biyu ba a amsa ba, amma shi da kansa yake nema wa mawaƙin uzuri, wai ƙila gidan waya ne ya yi sakaci, ko kuma rubutunsa ne ba ya karantuwa. A nan karin maganar nan ta so hana ganin laifi ta zauna daram. Yana tambayar lafiyar 'yar mawaƙin, yana yi masa ta'aziyyar kawunsa da ya kashe kansa, yana ba shi labarin ɗakinsa da ya cika da hotunansa. Ya kuma ce budurwarsa tana da ciki, idan mace aka haifa zai sa mata suna Bonnie. Wanda bai san waƙoƙin Eminem ba zai wuce wannan suna bai ji komai ba. Amma an ɗauko shi ne daga wata waƙa ta faifan The Slim Shady LP na 1999, inda Slim yake ɗauke da gawar matarsa a but ɗin mota zai jefa ta ruwa. Ke nan tun a ɗangon fara'a an binne ƙarshen labarin.

A ɗango na biyu yabo ya fara juyewa roƙo da ƙorafi. Stan yana cewa ba fushi yake yi ba, alhali murya tana nuna akasin haka. Ya kawo zancen ƙanensa Matthew, ɗan shekara shida, wanda suka tsaya tare sa'a huɗu cikin tsananin sanyi a wajen wurin wasa domin a sa masa hannu, aka ƙi. Ya tuna wa mawaƙin alkawarin da ya ce ya yi masa a Denver na amsa wasiƙa. Daga nan sai ya buɗe cikinsa: bai san ubansa ba kamar yadda mawaƙin bai san nasa ba, ya yi jarfar sunan mawaƙin a ƙirjinsa, yakan yanki jikinsa ya ga jini. Ya ce budurwarsa tana kishi domin ba shi da zance sai na Slim. A ƙarshen wasiƙar ya ƙara da cewa ya dace su kasance tare. A wannan gaɓa ce ma'anoni biyu na "masoyi" suka haɗe.

Idan aka ɗora wannan a kan abin da aka gani a babi na uku, za a ga Stan ya bi sawun maroƙi ne taki bayan taki. Maroƙi yakan je ƙofar mai hali ya fara da yabo, idan aka yi shiru ya roƙa, idan shirun ya yi tsawo ya saki habaici, idan aka hana shi ƙememe ya yi zambo. Sai dai akwai bambanci guda biyu. Maroƙi riga yake nema ko doki ko kuɗi, abin da ake iya ƙirgawa a ba shi ya tafi. Stan kuwa so yake a san da shi, wannan kuwa ba shi da ma'auni, ko an ba shi yau gobe zai dawo. Na biyu, maroƙin da aka hana yakan kaɗa rigarsa ya nufi wata ƙofa, domin yabo sana'arsa ce. Narambaɗa ma da ya tsaya ga Sarkin Gobir na Isa, ya tsaya ne a gidan da aka san shi, ana yi masa alheri, ana jin maganarsa. Stan ba shi da wata ƙofa, kuma wadda ya tsaya a bakinta ba a san yana nan ba. Son maso wani ƙoshin wahala ne, in ji Hausawa. Na Stan ya fi wannan muni, domin wanda yake so ba wani yake so ba, taron miliyoyi ne a gabansa, bai ware kowa ba.

Ɗango na uku zambo ne tsantsa. An bar takarda da fensir, yanzu kaset yake ɗauka cikin mota yana sheƙa gudu, ya sha giya, ya haɗiyi ƙwayoyi. Wata shida ke nan ba amsa. Ya ce ya yage hotunan da ke bango. Ya kawo wani labari da ake yaɗawa game da wata waƙa ta Phil Collins, na mutumin da ya ga wani yana nutsewa bai cece shi ba, ya ce haka Slim ya yi masa. Burinsa shi ne mutuwarsa ta hana mawaƙin barci. Can sai a ji ihun mace: budurwar ce a ɗaure cikin but. Stan har yana kwatanta abin da ya yi da abin da Slim ya yi a waƙa, yana nuna inda suka bambanta. Da ya iso gada sai ya tuna babu yadda zai aika da kaset ɗin. Daga nan sai ƙarar taya da faɗawa ruwa. A tawa fahimtar wannan tunawa ta ƙarshe ita ce wuri mafi ƙarfi a waƙar duka, domin mutumin da ya kashe rai uku don a ji shi ya mutu yana sane da cewa ba za a ji shi ba.

4.4 Amshi da Sautuka

Amshin waƙar ba na Eminem ba ne. An yanko shi ne daga "Thank You" ta mawaƙiyar Ingila, Dido, wadda ke cikin faifanta No Angel na 1999. Asalin waƙar ta godiya ce, mace ce take ba da labarin ranar da komai ya dagule mata, amma tunanin masoyinta ya wanke mata zuciya. Sai aka ɗauki farkon kawai, inda ake zancen safiya mai duhu da ruwan sama da hoton da ke bango, aka zubar da godiyar. Hoton da a wurin Dido na masoyi ne na gaske, a nan ya koma hoton mawaƙi a bangon Stan. Kalmomin ba su sauya ba, amma duk lokacin da amshin ya dawo sai ya ƙara nauyi, saboda abin da ɗangon da ya gabace shi ya ɗora masa. A kiɗan Hausa 'yan amshi sukan ƙarfafa abin da jagora ya faɗa ne. A nan amshi yana tsaye wuri ɗaya cikin sanyi, jagora kuwa yana ta hawa har ya ƙone.

Haka kuma an yi amfani da ƙarar ruwan sama da tsawa da ƙarar fensir a kan takarda. Ma'aunanmu na nazarin waƙar baka ba su tanadi gurbin irin waɗannan sautuka ba, tunda ba kalma ba ne, ba kuma kayan kiɗa ba. Wannan giɓi ne da zai ƙara bayyana idan aka zo nazarin waƙoƙin Hausa na sitidiyo.

4.5 Ɗango na Huɗu: Wa Aka Wanke?

Yawancin masu sauraro suna ɗaukar waƙar a matsayin gargaɗi ga masoya. Mai wannan nazari bai musa ba, amma yana ganin ɗango na huɗu yana yin wani aiki dabam wanda ba a cika kula da shi ba. A nan Eminem ya zauna yana ba da amsa cikin natsuwa. Ya ba da haƙuri, ya ce ayyuka ne suka yi masa yawa. Ya sa hannu a kan hula domin Matthew. Ya ce zancen yanka jiki da yake yi a waƙa wasa ne, ya shawarci Stan ya nemi masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa, ya kuma kyautata wa budurwarsa. Ya nuna maganar kasancewa tare ta sa ba ya son su haɗu. Sannan ya kawo labarin da ya gani a talabijin na wani da ya faɗa ruwa da mota, yana cikin faɗa sai ya gane ai Stan ne.

Ta fuskar tsara labari babu abin cewa. Amma a tuna mutum ɗaya ne ya rubuta ƙarar, ya rubuta kariyar, ya kuma yanke hukunci. A shekarar da waƙar ta fito ana ta sukar Eminem cewa kalamansa suna ɓata matasa kuma suna zuga cin zarafin mata, a cikin faifan nan ma akwai waƙar "Kim" inda yake kwatanta kashe matarsa. To, sai ga shi ya ƙirƙiri masoyi wanda kowa zai yarda taɓaɓɓe ne, ya kuma fito da kansa a matsayin mai hankali, mai tausayi, wanda laifinsa kawai jinkiri. Mai sauraro zai tashi da cewa matsalar ta mai ji ce, ba ta mai faɗa ba. Amma magana zarar bunu ce. Wanda ya ce wasa yake yi bayan ya sayar da wasan ga miliyoyin yara marasa uba, yana kuma gaya musu shi ma irinsu ne, bai isa ya zare hannunsa cikin sauƙi haka ba. Adalcin da za a yi masa shi ne bai goge shaidar da ke kansa ba: ya bar Stan yana maimaita kalamansa, yana kwaikwayon motarsa da but ɗinsa da ruwansa. Kuma alamu sun nuna zancen bai bar shi ba, domin a 2013 ya buɗe faifan The Marshall Mathers LP 2 da waƙar "Bad Guy", inda Matthew ya girma ya zo ɗaukar fansar yayansa.

Akwai kuma wadda aka manta. Budurwar Stan ba ta da suna, ba ta da ɗango, abin da aka ba ta a faifan ihu ne kawai. Ita ce ta zauna da shi, ita ke ɗauke da cikinsa, ita ce mai son sa na haƙiƙa, amma waƙar sunan wanda ya kashe ta take ɗauke da shi, tausayin mai sauraro ma wurinsa ya fi karkata. Wannan ba laifin Eminem kaɗai ba ne, halin turken ne. A waƙoƙin soyayya na Hausa na zamani ma sau da yawa akan ji saurayi yana cewa in babu wance mutuwa zai yi, a kuma ɗauki hakan a matsayin ƙololuwar ƙauna, ba a tambayi irin nauyin da aka aza wa yarinyar da aka ce ran wani yana hannunta ba.

4.6 Makomar Sunan

Abin mamaki shi ne yadda sunan ya fita daga waƙar ya shiga bakin jama'a. A yau a Ingilishi "stan" kalma ce da ke nufin masoyi na gani-kashe-ni, har ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da ita a 2019. Matasa a kafofin sada zumunta da alfahari suke kiran kansu da ita, kamar dai yadda a nan ake cewa wane ɗan a-mutun wane ne, ba tare da an tsaya an saurari abin da kalmar take faɗa ba. Mai wannan nazari ya ga ɗalibai biyu a ɗakin kwanansu sun yi kusan zango guda ba sa gaisawa saboda musu a kan wane ne ya fi tsakanin mawaƙan Hausa biyu, waɗanda babu ɗayansu da ya san sunan ko ɗaya daga cikin masu gabar. Abin da ya sami waƙar Sting a wurin biki shi ya sami wannan. A shekarar 2025 aka fitar da wani fim na labarin gaskiya mai suna Stans, wanda aka gina a kan hira da masoyan Eminem na haƙiƙa, shi kansa kuma yana cikin waɗanda suka shirya shi.